Katunan Awon Jini Daga Lafani

Lahadi, 13 ga Mayu, 1984
Ranar kasuwar Illela, amma mutum huɗu kacal na gani. Tun da aka rufe iyaka mutanen Ƙwanni suka daina zuwa, su kuwa su ne rabin masu shigowa ɗan asibitin nan nawa. Yaya Maccido, wanda ya gina mini ɗakunan, ya leƙo da la'asar ya ƙare wa gadajen kallo. Duka ukun ba kowa. "Baraka, mi kika jira? Ki koma aikinki na nas a Sakkwato." Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen damina.

Talata, 15 ga Mayu
Inna Yelwa ta Lafani ta zo, bayan wata uku ba labarinta. Jininta 190 bisa 110. Na yi mata faɗa, ta bar ni na gama sannan ta ce, "Ɗiyata, in na taho duk mako, wa ka ba ni kuɗɗin mota, wa ka duba man awaki?"

Alhamis, 17 ga Mayu
Ba aiki, sai na zauna ina bin tsofaffin katuna. Abin mamaki. Masu hawan jini daga ƙauye duk hali ɗaya: su zo sau biyu, su ji sauƙi, su ɓace. Ranar da za su dawo a kan tabarma ake shigo da su, ɓari ɗaya ya shanye, in tura su Sakkwato. Su ba su tsira ba, ni ma ban sami komai ba.
To wai dole ne hannun ya zo nan kafin a auna shi? Abin awo biyu gare ni, ɗaya yana cikin akwati tun da na buɗe. Idan can ake awon, lambar kaɗai ta yi tafiyar fa?
Kada in yaudari kaina: abin da zai riƙe asibitin nake nema.

Asabar, 26 ga Mayu
Na je Lafani. Raliya matar hedimasta ta yarda. Ta gama firamare, 'ya'yanta huɗu, kuma ba gidan da ba ta shiga. Na koya mata ɗaura abin a damtse, da busawa, da sauraron bugun da ke fara fitowa da wanda ke ɓacewa. Mutum tara suka ba da suna, naira ɗaya kowane wata ban da magani, Raliya na da kasonta. Dabo mai a-kori-kura zai kawo katunan Lahadi da Alhamis, ya koma da saƙona.
Yaya ya yi dariya har da tari. Wai zan yi wa takarda magani.

Lahadi, 3 ga Yuni
Katunan farko sun iso. Mutum tara, kowa 120 bisa 80. Har da Inna Yelwa!

Laraba, 6 ga Yuni
Na koma Lafani da azumi a bakina. Raliya ta sunkuyar da kai, ta ce ba ta jin komai a kunne sai kukan awaki da dakan maƙwabta, kuma ni na ce mata wannan lambar ce mai kyau, ba ta so ta aiko mini da mummuna. Na rasa fushi zan yi ko dariya. Muka shige ƙuryar ɗaki, muka saki labule, ta auna ni har sau shida. A na biyar ta ɗago da sauri: "Na jiya! Kamar ana ƙwanƙwasa ƙyaure daga nesa."
Na ce mata mummunar lambar ita nake saye.

Lahadi, 24 ga Yuni
Yanzu lambobin sun zama na mutane. Malam Lawwali tela nasa ya sauka tun da aka fara azumi. Wata mata kuma nata ya hau, ashe ta daina shan ƙwayar gaba ɗaya, tana tsoron kada ta karya mata azumi. Na rubuta a bayan katin: a sha da sahur. Kati biyu bayan nan ya sauko. Da ba a auna ba, yaushe zan sani?

Alhamis, 12 ga Yuli
Wani abu ya tsaya mini a rai. Na jera katunan Inna Yelwa a kan tebur. Awon Asabar kullum sama yake, na Laraba ƙasa. Sati biyar a jere. Gishiri ne? Kanwa? Tana tsallake magani? Na rubuta wa Raliya ta bincika mini, ba tare da ta tsorata ta ba.

Lahadi, 22 ga Yuli
Amsa ta zo a gefen kati, da ƙananan haruffa. Ɗan Inna, Mukhtari, yana fataucin albasa can ƙetare, rufe iyakar ya same shi a can da kayansa da iyalinsa. Da, duk Asabar yake kwana Lafani kafin kasuwa. Har yau ranar Asabar tana dafa tuwo da yawa, ta zauna bakin hanya tun azahar.
Shekara goma sha ɗaya ina ɗaura wa mutane abin nan, ban taɓa ganin kewa a rubuce da lamba ba.

Alhamis, 2 ga Agusta
Dabo bai tsaya tasha ba, kai tsaye ya zo da fasinja a mota. "Sista, matar hedimasta ta ce kar in sha ko ruwa sai na ba ki." Katin Inna ne: 230 bisa 130, awon safiyar yau. Raliya ta ja layi biyu a ƙarƙashi, ta rubuta: kai na sara mata, tana ganin hazo, ta ce ba komai.
Na rufe asibiti na hau gaba. Na sami Inna tana tsintar wake, wai me ya kawo ni da rana tsaka haka. Sai da Raliya ta yi alkawarin kula da awakin sannan ta yarda ta shiga motar. Duk hanya hannuna yana kan nata, ina ce mata ta matsa yatsuna, ta ɗaga gira, ta faɗi sunayen jikokinta. Ta ce, "Ke ɗiyag ga, jarrabawa kika yi man?"

Juma'a, 3 ga Agusta
180 bisa 105. Hannu da ƙafa duk suna motsi. Alhamdu lillahi.

Litinin, 6 ga Agusta
Ta koma gida da ƙafarta. Na roƙi Dabo ya nemi wanda zai isar wa Mukhtari saƙo ta bakin masu bin hanyar daji, ko gaisuwa ce ya aiko. Na kuma ce wa Raliya ta riƙa kai ɗinkin hularta wurin Inna ranar Asabar, su zauna tare. Ban san ko wannan magani ba ne. Katin zai faɗa.

Lahadi, 2 ga Satumba
Labari ya zaga. Mai garin Gidan Katta ya aiko, mutanen Araba ma. Suna cewa akwai nas a Illela da ke ganin ciwo tun daga nesa. Masu kati sun kai arba'in da uku. Abin da ban zata ba: da na je Sakkwato sayen magani na san daidai abin da zan sayo, ba ragowar da za ta lalace a kabad kamar bara. Kuma wanda na ce ya zo, zuwa yake yi, don ya san da dalili. Albashin mai shara ya fito ba tare da na je wurin Yaya ba.
Awon Inna na jiya Asabar 160 bisa 95. Mukhtari ya aiko mata da turmin atamfa da kaset mai muryarsa. Wanne ya yi aikin, ƙwayar, ko Raliya, ko kaset ɗin?

Lahadi, 30 ga Satumba
Yaya ya zo da sabon abin awo guda biyu a kwali, daga Kano. Bai yi maganar Sakkwato ba. Ya ce a mai da kuɗin naira biyu, kuma wanda bai biya ba a ajiye katinsa. Na ce gero bai yi ba bana, kowa ya gani. Ya ce asibiti ba masallaci ba ne. Muka rabu a kan naira ɗayar, da sharaɗin ba za a ƙara kowa kyauta ba. Na amince. Gaskiyarsa ce, ai.

Alhamis, 11 ga Oktoba
Cikin katunan Lafani yau akwai wanda ba nawa ba: bangon littafin makaranta ne aka yanka daidai girman kati. Ummu, daga rugar da ke gabas da gari. Ciki wata bakwai, ƙafa ta kumbura, 165 bisa 105. Raliya ta rubuta a ƙasa: "Nono takan kawo man. Ba ta da naira. Ki yi haƙuri, na kasa ƙyale ta."
Na rubuta cewa lallai a kawo ta gobe da safe, kada a jira Lahadi. Na ba Dabo kuɗin motar mutum biyu daga jakata, na ce kada ya tsaya hira da Yaya a tasha.
Na shimfiɗa sabon zanen gado a ɗakin da ya fi iska. Don tsabta ne kawai, dama ya isa canji.
Ban san ko doguwa ce ko gajera ba. Tun azahar nake leƙa hanya.