Kalkuleta Ta Ƙi Zana Mini Tudu

Litinin, 7 ga Oktoba

Tsofaffin ɗalibai sun kawo wa makaranta kyautar kalkuleta kwali guda, irin mai zana giraf da kanta. Malam Husaini, shugabanmu, ya ce nan da mako biyu kowace malamar lissafi za ta koyar da darasi da ita a gabansa, wadda ta fi iyawa ita za ta riƙe 'yan aji biyar. Ajina ke nan, tun kafin a jawo wa makarantar nan wutar lantarki! Mu biyu ne dai, ni da Rhoda, kowa kuwa ya san wadda ake so a bai wa. Yarinyar da na koya wa rabawa da hannuna, yau ta dawo daga jami'a muna haɗa tebur. Wai, "Malama, in kina so mu zauna mu duba tare." Na ce na gode. Na jefa tawa a jaka.

Talata, 8 ga Oktoba

Maɓallai rututu. Na kunna ta, kashewa ta gagara. Ashe sai an danna biyu, ɗaya bayan ɗaya. Ni na gano da kaina.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Alhamdu lillahi! Na sami inda ake shigar da lissafin, na sa y daidai da x sau x, na danna giraf, sai ga layi yana saukowa yana hawa a gilashin. Wallahi daɗi ya kama ni, na fito tsakar gida da ita a hannu. Maigidana, Baban Salman, ya gyara tabarau ya ce, "To, ƙwarya ce ta zana miki?" Na ce ƙwaryar da ke cin rabin darasina ce a allo, ga ta kafin ka ƙifta ido. Lanƙwasar tata ba laifi. Ba ta fi tawa ba dai.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na yanke darasin da zan yi. Ba zan ɗauko misalin littafi ba. Yawancin yaran nan 'ya'yan manoma ne, daga Kaboji zuwa Tungan Magajiya, don haka na haɗa lissafi a kan masara da taki: kana ƙara taki amfani na ƙaruwa, in ka zarce ya ƙone shuka, amfani ya koma ƙasa. A takarda ya fito mini tudu sak, ƙololuwarsa a buhun taki shida, masara buhu hamsin da shida. Na shigar a na'ura ina murmushi. Me zan gani? Wani ɗan tsinke a tsaye a gefen hagu. Babu tudu, babu alamarsa. Na goge na sake, tsinke. Lissafina dai daidai yake, wannan ko shakka babu.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Batir ne ya yi sanyi, shi ya sa ba ta iya ƙarasa zanen. Na ciro su na shanya a kan kwanon kicin yadda muke yi wa na rediyo. Baban Salman ya tambaya ko in ƙara musu gishiri kamar kuɓewa. Ban kula shi ba. Da la'asar na mayar da su da zafinsu. Abin da na ƙaru da shi: duk abin da na shigar ya goge. Na sake shigarwa. Tsinke.

Talata, 15 ga Oktoba

Raina a ɓace yake. Na faɗa a ɗakin malamai cewa tawa lalatacciya aka ba ni. Rhoda ta bari sai da kowa ya fita, ta leƙo ta kafaɗata, ta ce a hankali, "Malama, kin duba windo?" Na ce wace windo, ga su nan duk a buɗe iska na shigowa, ki bar ni in yi aikina. Ta ɗauki allinta. A bakin ƙofa ta ce, "Ke ce fa kike dukan tebur, wai kafin mu ja layi mu fara duba inda lambobi za su kai." Ta wuce. Yaran yanzu!

Laraba, 16 ga Oktoba

Akwai maɓallin windo. Yana sama, a gaban idona duk kwanakin nan. Na danna, ashe na'urar daga ƙasa da sifili da goma zuwa goma kawai take nunawa, ni kuwa tuduna ya haura hamsin. Ƙafarsa kaɗai nake gani. Na mayar da iyakar sama sittin, ta dama sha biyar, na danna. Tudu! Cikakke, yadda na zana a takarda. Sai da na yi guɗa ni kaɗai a ɗaki. To ai ka'idar tawa ce dama, na'ura ce ba ta san ta ba sai da na faɗa mata.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na iya bin layin da maɓallin kibiya, lambobi na canzawa a ƙasa. Wake ya ƙone a kan wuta.

Talata, 22 ga Oktoba

Yau aka yi. Malam Husaini ya zauna a bencin baya. Ban gyara wa yara windo ba, da gangan. Suka shigar da lissafin masara, aji ya kaure: "Malama, tawa ta lalace!" "Malama, batir ne!" Na ɗaure fuska na ce, batir? Wa ya taɓa jin irin wannan? Na ce ku yi tunani, gonar nan buhu nawa za ta bayar? Can Kausar, wadda ba ta cika magana ba, ta ɗaga hannu ta ce babanta ko a shekarar fari ya fi buhu goma, na'urar ce ba ta hango sama ba. Na ce maimaita da ƙarfi! Suka gyara, tudu ya riƙa fitowa benci bayan benci, ana ihu. Malam Husaini da kansa ya karɓi ta wata yarinya yana dannawa. Kaina ya yi girma yau, ba zan ɓoye ba.

Laraba, 23 ga Oktoba

Darasin Rhoda ya yi kyau, an ce, amma ta yi sauri yara ba su bi ta ba. Aji biyar nawa ne. An faɗa a taron malamai. Ita ta fara miƙewa ta taya ni murna, da fara'arta. 

Juma'a, 25 ga Oktoba

Na je ofishin Malam Husaini na ce aji biyar sun yi yawa, kalkuleta kuma tana son ido biyu, a ba ni Rhoda ranar Laraba mu riƙa shiga tare. Don yaran na yi. Na kai mata ɗanyar gyaɗa daga gonarmu, ta ce na gode Malama, har da rusunawa. Ta ce akwai inda na'urar ke nemo ƙololuwar tudu da kanta, ba sai an bi layi ba. Ranar Litinin zan je da wuri. Ba koya mini za ta yi ba. Zama za mu yi mu duba tare.