Na Rubuta Sunanka a Jikin Dila

Assalamu alaikum Baba,

Gaisuwa mai yawa daga Rabi, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko da kana raye ma sai an nemo mai karanta maka, ka zauna kana gyaɗa kai, kana cewa a maimaita wurin gaisuwar. Amma bakina ya cika, kuma a duk faɗin Guangzhou ba ni da wanda zan juye wa sai kai.

Bari in fara da labarin gida. Inna tana nan, ƙafar ce dai ke tashi idan damina ta kama. Yaya Sale ya ɗaga katangar da ta faɗi, gonarka ta bayan rafi kuma bana gero aka sa. Babban labarin shi ne jikarka Zainab ta samu miji, an sa rana bayan Babbar Sallah. Yaron ɗan Alhaji Mudi ne, wanda shagonsa ke jikin nawa a kasuwar Kwari ta Kano, mutanen kirki amma masu tonon asali kamar kaza a bola. Da suka zo bincike suka tambayi waye kakanta na wajen uwa, na ce manomi ne daga wajen Ɗambatta, ya rasu shekara biyu da suka wuce. Ban yi ƙarya ba, Baba, ai kana noma. Amma ni da kai mun san abin da na haɗiye. Ban ce Ilu Mai Molo ba. Zainab kanta ba ta sani ba, ƙannenta ma haka, kuma na yi imani idan gidan Alhaji Mudi suka ji jikar makaɗi ce, wannan aure sai dai wani ikon Allah.

Da na ci gaba da yin shiru, ai na saba. Abin da ya faru da ni a Xintang ne ya hana.

Xintang wani gari ne a gefen Guangzhou, ba abin da ake yi sai wandon jins, har ruwan kwatarsu shuɗi ne. Nan nake saro kayana wurin wani tsohon Basine, gashinsa fari fat, ya ɗaure shi ta ƙeya kamar mace. Mu dai loban muke ce masa, wato maigida. Shi ba a ciniki da shi sai an sha shayi, a wasu kofuna ƙanana da ba su fi murfin kwalba ba, ya zuba ya sake zubawa har mafitsararka ta gaji. Ka tambayi kala kaza ya ce meyo, babu, ya sake cika maka kofi. A ofis ɗin nasa akwai faifai irin na da, baƙaƙe masu faɗi, jere a bango, kuma kullum akwai waƙa ɗaya da yake sawa. Irin kiɗan Turawan nan ne da suke kira rok, jita mai lantarki tana kururuwa, ganguna kamar ana fasa dutse, mawaƙin yana ihu kamar an taka masa ƙafa. Shekara nawa ina jin ta, ban taɓa ɗaukar ta komai ba sai hayaniya.

Ran Laraba mun je ni da Hajiya Hadiza, ƙawata 'yar Maraɗi da muke haɗa kwantena, sai na kasa haƙuri na ce masa don Allah ya rage wannan ihun kaina yana ciwo. Maimakon ya ji haushi sai idonsa ya kawo haske. Ya ɗauko waya, yana magana tana fassara mana, rabi daidai rabi shirme, yana cikawa da hannu. Ya ce waɗannan samarin Turawa sun cika filayen ƙwallo da wannan waƙa, duniya ta san su, har yau yara a ƙasarsa da ita suke fara koyon jita. Amma ba tasu ba ce. Wurin wani tsoho baƙar fata suka ɗauko ta, jikan bayi a gonakin auduga na Amurka, mai wani kiɗan baƙin ciki da suke kira bulus. Suka sa mata lantarki, suka buga faifai, suka jera sunayensu a jiki, nasa kuwa babu. Ya ce sai da aka daɗe, bayan surutu ya yi yawa, aka ɗosana sunan a ƙasa da ƙananan baƙaƙe. Sannan ya tashi ya zaro wani faifan daga can ƙarshe, ya hure ƙura, ya ce mu ji uwar waƙar.

Baba, ƙarar ƙasa-ƙasa ce ta fara fita, kamar ana suyar gyaɗa. Sai tsirkiya. Mutum ɗaya ne, ba ganga ba komai, ƙafarsa kawai yake bugawa a daɓe. Babban yatsa yana dukan kakkaurar tsirkiya, dum, dum, ba ya tsayawa, ɗan yatsa kuma yana kuka a kan siririyar. Ya faɗi magana, ya sake faɗin ta kamar ba a ji shi ba, sannan ya ba kansa amsa. A ƙarshen kowace magana ya lanƙwasa muryar ta gangara ƙasa. Wallahi nan take na gane. Hannunka ne. Ba na cewa waƙarka ce, ban san abin da yake faɗa ba, amma haka kake yi a zaure bayan an dawo daga gayya, idan mutane sun watse ka ci gaba da kaɗawa kai kaɗai. Loban ya nuna ni da yatsa ya ce daga wajenmu aka kwashe kakannin tsohon, ba su tafi da komai ba sai abin da ke kunnensu.

Ka san me na yi? Hajiya Hadiza ta tafa hannu ta ce kai, wannan ai molo ne tsaf, kiɗan maroƙan ƙauyensu, ashe har Amurka sun je roƙo. Ta kwashe da dariya. Ni kuma na taya ta. Na yi dariya, Baba, har da riƙe ciki, shekarata hamsin da ɗaya, kana cikin ƙasa. Tir da ni. Daga nan na ce a nuna mini banɗaki, na shiga na kulle, na yi kukan da ban yi ba ranar da aka bugo mini waya ina tsakiyar kasuwar Xiaobei a nan Guangzhou aka ce an kai ka.

Ba na ganin laifin Hadiza, ba ta sani ba. Wa ya sani? Tun da Gwaggo ta ɗauke ni riƙo zuwa Kano nake gyara labarina. A makaranta aka tambayi sunan uba na ce Iliyasu, na yanke wutsiyar. Ranar ɗaurin aurena na aika Yaya Sale ya faɗa maka ka zo amma ka bar molon a gida. Ka zo. Mutumin da ya raya bikin 'ya'yan kowa a ƙasar Ɗambatta, ya zauna a bakin tabarma a bikin 'yarsa, hannu biyu a kan gwiwa kamar mai jiran likita. An ce mini yatsunka suna ta motsi a kan riga. Me ka ji a ranka a wannan rana? Me ya sa ba ka zage ni ba? Da ka zage ni da na samu abin riƙewa.

Da kasuwa ta buɗe mini na zo na ce ka rataye molo, ni zan riƙe ka, girma ya kama ka. Na nuna kamar tausayi ne. Ka kalle ni ka ce to, Rabi. Ka rataye. Da na je gaisuwa bayan kwana ukunka na gan shi a ƙusa, fatar ta tsage, tsirkiya ɗaya ta rage.

Akwai wanda ya fi wannan, kuma ko Inna ba ta sani ba. Ka tuna kaset ɗin da wani ya ɗauke ka a bikin gidan sarkin noma? Ka ba direban motar kasuwa ya kawo mini bayan na haifi Zainab, ka ce a riƙa sa mata idan tana rigima. Da ka tambaye ni na ce tana jin daɗinsa sosai. Ban sa ba ko sau ɗaya. A kurfoti na jefa shi, ina tsaye har ya narke, don kada dangin mijina su gani. Shi kaɗai ne, babu wani. Waɗancan Turawa ba su haɗa komai da tsohon nan ba, bare ne suka ci bare, kuma duk da haka muryarsa ta tsira, ga wani Basine a Xintang yana hure mata ƙura. Ni jininka ce.

Washegarin ranar da na ji faifan nan, da la'asar, lokacin gari ya waye a Kano, na kira Zainab. Na zauna a bakin gado a masaukina na faɗa mata komai, ban rage ba, har kaset ɗin. Na faɗa mata abin da zai iya biyo baya a gidan Alhaji Mudi, na ce idan ta ce in ci gaba da rufe baki har a ɗaura, zan rufe, aurenta ne ba nawa ba. Ta saurare ni har na gama. Ka san ta, zuciyarka ta ɗauko, ba ta da hayaniya irin tawa. Da ta yi magana ba zancen aure ta yi ba. Tambayata ta yi yaya muryarka take idan kana waƙa. Ta ce ita ta san ka tsoho mai ba ta gyaɗa da rake, ba ta taɓa jin ko gunaguni daga bakinka ba.

Me zan ba ta? Sai na buɗe baki. Ni da rabona da waƙa tun ina 'yar talla. Na yi mata ta matafiyin nan, wadda kake cewa hanya ta yi nisa, ƙafa ta manta gida, ka maimaita, sannan ka ce mai jira a ƙofa shi ya san tsawon yini. Ina bugun cinya a madadin babban yatsanka. Na yi baiti biyu, na shiga na uku, sai ya tsaya mini. Akwai maganar kuka da rijiya a ciki, na sani, amma ta tafi. Na juya, na sake ɗaukowa daga farko, babu. Na kira Yaya Sale daga baya, ya ce shi ma iyakarsa ke nan. Inna ta ce ita amshi kawai ta sani. Baba, me ke zuwa bayan kukar? Wa zan tambaya yanzu?

Zainab ta yi kuka, na yi. Daga ƙarshe ta ce ita ba za ta shiga gidan miji da guntun suna ba, ta ga inda hakan ya kai ni. Maganar ta yi zafi amma na shanye, na cancanta. Ta ce za ta faɗa wa yaron da bakinta, ubansa Alhaji Mudi kuma ta bar mini shi, tunda ni na ba shi labarin manomi.

To ka san aikinmu. Idan an gama ɗaure kaya a wurin masu kago, wato masu lodin kaya a jirgin ruwa, kowace dila sai an rubuta mata sunan mai ita da baƙin alƙalamin nan da ake kira maka, ta fuska huɗu, don kada ta ɓace a kwantena. Idan mota ta iso Kwari kuma, 'yan dako da ƙarfi suke karanta sunan, layi gaba ɗaya yana ji, kafin su sauke a ƙofar shago. Shekara goma sha wani abu ina rubuta haruffa biyu kawai na farkon sunana. Ran Asabar na karɓi makar daga hannun ejan mai kula da lodin kayanmu na ce yau ni zan rubuta. Na durƙusa da wannan gwiwar tawa na rubuta RABI ILU MAI MOLO, manya-manya, dila bayan dila, har makar ta bushe aka kawo wata. Hadiza tana tsaye a kaina. Ta karanta, ta kalle ni, ta kama baki. Sai ta tsuguna tana juya mini dilolin in rubuta ɗaya gefen.

Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba. Ban san abin da Alhaji Mudi zai yi ba. Wataƙila ya aiko a karɓi kayan sa rana, wataƙila ya fi yadda nake zato. Idan auren ya lalace ni na jawo wa yarinyar nan, ba kai ba, domin kai ba ka taɓa yi wa kowa ƙarya a kan ko kai wane ne ba. Zan riga kayan isa Kano, in sami Alhaji Mudi har shago in faɗa masa ido da ido. Kuma ko zuciyata ta karaya a hanya, ba ni da wurin komawa. Jiya ejan ya aiko mini cewa jirgin ruwan ya tashi. Sunanka yana kan ruwa yanzu, Baba, ba mai iya dawo da shi.

Ka yafe mini. Na san da kana nan cewa za ka yi ba komai, Rabi, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Allah ya jiƙan ka, ya sa ka huta, ya haɗa mu inda ba a tambayar asali.

Taka har kullum,
Rabi, 'yar Ilu Mai Molo