Abincin da Bai Ga Wuta Ba

Litinin, 2 ga Yuni

Sun kwaso ni zuwa gidan ɗana Auta, wai kada in zauna ni kaɗai tunda an fara yi min ƙarin ruwan maganin daji. Likita ta ce abu ɗaya take nema a wurina: in ci abinci. Idan sikeli ya ƙara sauka za ta ɗage zagaye na gaba, kuma ciwon ba zai tsaya jirana ba.

In ci me? Ruwan sha ma ɗanɗanon tsatsa yake min.

Laraba, 4 ga Yuni

Matar Auta ta soya albasa da rana. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata a kicin ɗin makarantar kwana, ina yanka albasa buhu-buhu ko ƙwalla ba na yi, yau warinta ya kai ni banɗaki da rarrafe. Na yi amai har haƙarƙarina ya amsa. Da na fito na ce mata man girkinta ne ya lalace. Ta ce, “To Mama.” Kullum “To Mama.” Mutum ko faɗa ba zai samu ya yi da ita ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Ta kawo min wani abu a kofin gilas. Fari-fari, da guntayen ayaba da mangwaro sun nutse a ciki, an barbaɗa garin biskit a sama. Sanyi ƙalau. Na ce mene ne wannan? Wai yogot ne da ’ya’yan itace, ba a dafawa, haɗawa kawai ake yi a sa a firji.

Ba a dafawa! Kuma da bakinta take faɗa, ko kunya.

Na sa cokali na ɗaga, ya biyo cokalin yana ɗiga kamar abin da jariri ya tumbuɗo a kafaɗa. Ayabar har ta fara baƙi. Na ture. A wurina abin da wuta ba ta taɓa ba, ba abinci ba ne, ƙyuya ce aka zuba a kofi.

Asabar, 7 ga Yuni

Tsamin yogot ɗin nan yana biyo ni har cikin filo.

Talata, 10 ga Yuni

Na lura tun ranar albasa ba a sake kunna risho a gidan nan ba. Na leƙa kicin: tukwane a kife, busassu, ko ɗigon mai babu a jikin bango. Kicin ɗin mace mai aure kamar ɗakin gwajin jini! To me ɗana yake ci? Na tambaye shi, ya ce, “Umma, muna ci wallahi,” yana kallon silin. Tun yana yaro haka yake yi idan yana rufa wa wani asiri.

Ita kuwa uwar firji ba ta da aiki sai wanka da canza kaya. Da rana ta fita da riga kore, ta dawo ta faɗa banɗaki, ta fito da shuɗiya. Har goge haƙora take yi tsakar rana. Wa take yi wa kwalliyar, oho.

An sake kawo kofin. An sake mayar da shi.

Alhamis, 12 ga Yuni

Asibiti. Na hau sikeli, nas ta rubuta. Likita ta cire tabarau ta ce, “Hajiya, ranar Talata mai zuwa zan sake aunawa. In ya ƙara sauka, ba zan sa miki ruwan ba.” Zoben hannuna yanzu a babban yatsa nake sa shi.

Tsoro nake ji. Na rubuta, shi ke nan.

Juma’a, 13 ga Yuni

Yau matar Auta ta zo da cokalin roba, irin na yara. Wai ta ji an ce ƙarfe ne ke ƙara ɗacin baki. Na karɓa don ta fita ta ba ni wuri. Na toshe hanci na kai loma ɗaya. Santsi, sanyi, ƙyanƙyami. Na zauna jiran amai da roba a cinya.

Bai zo ba.

Na kai uku ko huɗu. Ba daɗi ya yi ba, kada wani ya ce na ce.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na ja kujera na zauna a ƙofar kicin in ga yadda ake wannan aika-aikar. Ta shimfiɗa farin ƙyalle a rariya, ta juye yogot ya tsane ruwa ya yi kauri, ta gauraya da zuma. Wannan dai da hankali, ban faɗa mata ba. Amma yankan mangwaro! Rabin naman a jikin ƙwallo ta bari, sauran ta dagargaza shi da yatsu har ruwa na bin gwiwar hannunta.

Na ce, “Ba ni wuƙar nan kafin ki kashe ni.” Na fere mata gefe biyu, na tsaga gida-gida, na turo bayan ɓawon. Na ce ta matsa lemon tsami a kan ayaba, shi ke hana ta baƙi. Ta ce, “Lah, Mama, ashe haka ne?” Sai murna take kamar an ba ta mota.

Na cinye kofin. Nawa yankan ne, shi ya sa.

Litinin, 16 ga Yuni

Da azahar gidan ya yi tsit, na ce bari in taka zuwa baranda, likita ta ce in riƙa motsawa. Na buɗe ƙofar waje.

Suna zaune a kan matakalar bene, su biyu, faranti a gwiwa. Shinkafa da miya. Auta da rigar ofis, ita da tsohuwar riga duk ɗigon mai. Can sama maƙwabciyarsu matar tela tana miƙo mata murfin tukunya. Ashe a kicin ɗin maƙwabta take girki tun ranar albasa, su ci a matakala kamar ’yan gudun hijira, sannan ta yi wanka ta canza kaya kafin ta shigo inda nake. Da ta gan ni ta rufe farantin da hannu ta ce, “Mama, koma ciki, warin zai taso miki!”

Ya taso kuwa. Na koma da gudu-gudu, na yi abin da na saba. Na daɗe a banɗakin bayan aman ya wuce.

A bayan hannunta akwai ƙuna, sabuwa. Na gani.

Talata, 17 ga Yuni

Sikeli bai sauka ba. Bai hau wani abin kirki ba, amma bai sauka ba. An sa ruwan.

Alhamis, 19 ga Yuni

Jiri da safe, ya lafa da hantsi. Tana sama wurin tukunyarta, na shiga kicin. Na tsane yogot, na yanka gwanda da mangwaro, na matsa lemo. Har yanzu kamanninsa ba su yi min ba, kuma har yanzu ba abinci ba ne.

Kofi biyu na haɗa. Abin ne ya yi yawa, ba zan zubar ba.

Da ta sauko za ta wuce wanka na ce ta bari, ta zo ta zauna hakanan. Tana warin albasa. Na riƙe numfashi na ce, “’Yata, miƙo zumar nan.” Bakina ne ya suɓuce. Ta miƙo, ba ta ce “To Mama” ba.

Cokalin robar ɗaya ne a gidan. Muka riƙa karɓa-karɓa.