Makarantar da Ka Zaɓa wa Ari

Haɗeja, Jihar Jigawa,
Satumba, 1992.

Zuwa ga Yayana Haladu, a Fatakwal.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri gare ka da iyalinka. Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ku a wannan uwa duniya, ya sa albarka a aikinka. Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Ƙafar Iya ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba. Bana ruwa ya yi mana gyara, kogi ya cika ya haɗiye rabin shinkafarmu ta fadama, hanyar Guri ma sai a kwalekwale. Kifi dai ya yi araha, na yi maka banda, direban da ya kawo takardar nan zai ba ka.

Bayan haka, Yaya, raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Ka san ɗanka, ɗan farina, ya ci jarrabawar shiga sakandare. Mun nema masa makarantar jeka-ka-dawo ta nan cikin gari, wadda ko daga bakin zaurenmu ana hango kwanon rufinta. Da sakamako ya fito sai muka ga an jefa shi makarantar kwana can yammacin jiha, tafiyar yini guda a mota. Muka ɗauka kuskure ne irin na sabuwar jiha, da ake ta kwasar takardu daga Kano zuwa Dutse. Malama Dibora, wadda ta koyar da shi a firamare, ta ce mu je ofishin ilimi mu roƙa a sake dubawa, ta kuma bar aikinta ta raka mu, ni da maigidana Malam Ja'afaru.

Mun sha zaman benci kafin a shigar da mu. Jami'in ya tambayi wane yaro ne, kuma me ke damunsa da ba zai iya zaman makarantar kwana ba. Ka san Malam da kunyar ɗan fari. Shekara goma sha uku bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa tare masa faɗa a gaban mutane ba. Sai ya sunkuyar da kai yana murza hula, ya ce yaron nan ne, kuma duk abin da manya suka gani shi ne daidai. Malama Dibora ta fara bayani, mutumin ya ce shi daga bakin iyaye yake son ji. Na ga ya miƙa hannu zai sallame mu. Wallahi ban san lokacin da na buɗe baki ba. Na ce sunansa Ari, ɗana ne, ni na haife shi. Ban taɓa faɗin sunan nan a gaban wani ba sai ranar, kuma ga shi yau ina rubuta maka shi ba tare da na ji komai ba.

Na zayyana masa duka. Na ce Ari ba ya kallon mutum a ido, ƙarar ƙararrawa takan sa ya toshe kunne ya durƙushe yana jijjiga, ba ya cin tuwon da miya ta taɓa, kuma ko wuta ta ƙone shi ba zai zo ya faɗa ba, sai dai ka gani. Na ce likita a Kano ya gaya mana ba aljanu ba ne, ba hauka ba ne, haka Allah ya halicce shi, kuma ƙwaƙwalwarsa garau take. Mutumin ya saurara har na gama, sannan ya ce ai tun farko makarantar cikin gari aka ba shi. Kawun yaron ne, abokin karatun shi jami'in, ya same shi har gida da Babbar Sallah ya roƙe shi a mayar da shi ta kwana, wai iyayen sun shagwaɓa shi, can ne za a mayar da shi namiji. Ya ce don kai ya je Dutse ya ɗaga ƙafa aka sauya, saboda haka ba zai koma ya warware ba sai wanda ya ƙulla ya ce a warware. In kuwa aka buɗe makaranta ba a gyara ba, gurbin cikin gari wani za a ba.

Haba Yaya. Sau nawa ka taɓa wuni da yaron nan? Da ka zo Sallah bai gaishe ka ba, ya wuce yana lissafinsa da yatsu, ka ce rashin tarbiyya ne. Muka yi shiru, domin ba a san uwa da kare ɗan fari ba, kai kuma ka ɗauki shirunmu ka tafi da shi gidan abokinka. Na yarda kawu yana da ta cewa a kan ɗan ƙanwarsa. To amma ka ci tuwona kwana da kwanaki, ka rasa bakin da za ka tambaye ni? Kai ka yi makarantar kwana, da bakinka ka ba mu labarin yadda manyan ɗalibai suke tsula wa ƙanana bulala a kan ba su amsa kira da wuri ba. Ari sai a kira shi sau uku bai waiwayo ba. A nan in abu ya dame shi bakin kogi yake nufa, ya zauna inda masunta ke gyaran koma, sun san shi, in magariba ta kawo kai ɗaya daga cikinsu ya rako shi gida. A can in ya fice daga makaranta, wa ya san shi, wa zai bi sawunsa?

Gida ma ban tsira ba. Labari ya riga mu isowa, Iya ta ce na zubar da kunya a gaban maza, maƙwabta suna ta yi da ni. Su yi ta yi. Malam kuwa shi ya sayo takarda da ambulan ya ajiye mini a kan keken ɗinki.

Abin da nake so ka yi ba shi da yawa. Ka je inda ake buga waya ka kira abokin naka, ko ka ba direban nan saƙo a hannu, ka ce ka janye. Kada ka bi ta gidan waya, kafin ta iso an buɗe makaranta. Ina gaya maka tun yanzu, ba zan saka Ari a motar 'yan makarantar kwana ba, ko duk dangi za su taru a kaina. In ba ka janye ba, zama zai yi a gida, ya rasa waccan ya rasa wannan, alhali karatun nan shi kaɗai ne abin da yake murna da shi a duniya.

Ka gaishe mini da matarka Yakaka, Allah ya sauke ta lafiya. Ka shafa mini kan Aisa da Auta. Iya tana gaishe ka, Malam ma haka. Ari ya tsaya a kaina ina rubutu, ya ga sunanka, ya ce in gaya wa Kawu ya ci jarrabawa, kuma zai riƙa zuwa makaranta da ƙafarsa. Ban gaya masa kai ne ba. Kada ka sa in gaya masa.

Wassalam. Ƙanwarka,
'Yar'azumi.