Kujerar Da Ban Samu Ba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara. Ya jikin Inna? Allah ya ƙara sauƙi.

Na ji kin ce likita ya ce a kira 'ya'yanta. Ki kwantar da hankalinki, ina nan tafe Juma'a. Maigidana ya dage in bi motar safe, wai zuwa goshin magariba na isa. Dariya na yi masa. Ni da nake zaune a kanta a filin jirgin sama ina raba wa fasinjoji katin shiga jirgi, a ce in wuni a mota ƙafafuna na kumbura, kan tafiyar awa ɗaya? Mu ma'aikata ba a hana mu hawa, sai dai mu jira a gama ɗibar fasinjoji, in kujera ta rage a ba mu. Kuma kullum tana ragewa.

Ki gaishe da Inna, ki ce ta daina tsorata mutane.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ya mai jiki? Wannan takardar a hannun abokiyar aikina mai hidima a cikin jirgi za ta iso. Ita ta samu wuri, ni ban samu ba.

Jiya jirgi ya cika maƙil. Yau kujera ɗaya ta rage, har na ɗauki jakata, sai ga wani mutum da gudu riƙe da tikitinsa, yana haki. Haƙƙinsa ne, na koma gefe. Na nemi in saya kamar kowa, an ce babu sai Litinin. Maigidana ya sake zancen mota, na ce na riga na ɓata kwana biyu, gobe da wuya a rasa. Ina tsaye a wurin aikina kamar baƙuwa, kunya ta ishe ni.

Ki ce wa Inna ina hanya.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina yi miki gaisuwa, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Na dawo gida lafiya.

Akwai abin da na kasa faɗa miki a gaban 'yan gaisuwa. Da kika kira ni ranar Lahadi da safe, ina nan dai tsaye da jakata. Daga nan tasha na wuce. Yaya, ashe hanyar ba ta kashe mutum. Ƙura ce da ramuka da ciwon baya, shi ke nan, kuma kafin duhu ina ƙofar gida. Da na shiga motar nan tun Juma'a, da na kwana biyu a gefenta. Wannan lissafin nake yi kullum, ya hana ni cin abinci.

Na koma aiki. Fasinja ya tambaye ni nisan garinmu, in ce awa ɗaya, bakina yana ɗaci.

Na tambaye ki ko Inna ta neme ni, kika ce ba ta cikin hayyacinta. Na san don ni kika faɗi haka. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta gaya mini cewa kwanakin nan, duk jirgin da ya wuce ta saman gida, sai Inna ta ce a buɗe ƙofa. Ban ji haushinki ba. Abu ɗaya nake so in sani, don Allah kada ki ɓoye mini: me kike ce mata in ta ga babu wanda ya shigo?

Ki gaishe da yara.

Ƙanwarki,
Auta