Maɓallin Baba

Litinin, 4 ga Maris

Ta kama! Maɓalli ɗaya, fitilu biyu, da 'yar ƙwaƙwalwar lantarki da ba ta fi ƙumba ba. Danna ɗaya kore, wato eh. Danna biyu ja, wato a'a. Tun da ciwon shanyewar jiki ya kama harshen Baba, yatsa ɗaya ke motsi, to shi zai yi magana. Goggo Afiavi ta dage sai ta kai shi ƙauye, Savalou, wai hankalinsa ya tafi. Ni Senami ina Kwatano a ɗauke min uba? Za mu gani.

Laraba, 6 ga Maris

Kunya. A gaban Goggo na ce, "Baba, sunanka Hounsou?" Ja. "Ni 'yarka ce?" Ja. Goggo ta tafa hannu: "To injiniya, ya ma sallame ki." Yaya Mahutin ya ce in mayar da abin fitilar babur ɗinsa, ko ya samu fasinja. Baba kuwa hawaye.

Alhamis, 7 ga Maris

Ko tuwon akasa ban ci ba. Ko dai gaskiyar Goggo ce?

Asabar, 9 ga Maris

Kai! Na danna da yatsana lafiyayye, sau ɗaya, ja ta kama. Na kai maɓallin makaranta na haɗa shi da na'urar da ke zana wutar lantarki a gilashi. Ashe ƙarfen cikin maɓallin ne ke tsalle kafin ya zauna. Ido ba ya gani, amma ƙwaƙwalwar ta fi ido sauri, kowane tsalle sai ta ƙirga shi dannawa. Ita sifili da ɗaya kawai ta sani, ba ruwanta da niyyar mutum. Na ƙara mata layi huɗu na umarni: in kin ji taɓawa, dakata ƙiftawar ido tukuna. Shi ke nan fa!

Lahadi, 10 ga Maris

"Sunanka Hounsou?" Kore! "Miyar Goggo ta yi gishiri?" Kore! Yaya ya faɗi ƙasa don dariya. Goggo ta durƙusa ta riƙe ƙafar Baba, "Yayana, ashe kana ciki." Na zaga tsakar gida ina rawa, ko takalmi babu.

Sai na gyara tsayuwa, don kowa ya shaida: "Baba, kana son zuwa Savalou?"

Kore.

Na ce laifin injin ne. Na sake tambaya. Ya kafe ni da ido, ya danna a hankali. Sau ɗaya.

Talata, 12 ga Maris

Na duba layukan kaf. Babu kuskure. Wallahi na so in samu.

Juma'a, 15 ga Maris

Na sa wa ƙwaƙwalwar batirin hasken rana, wutar Savalou ba ta da tabbas. Na koya wa Goggo caji. Ba wai na yarda ba ne. Amma da na tambaye shi ko in riƙa zuwa kowace Asabar, bai bari na kai ƙarshe ba koriyar fitilar ta kama.