Ina Yi Musu Aski, Suna Zuwa Wani Shago A Gyara

'Yata, ki taimake ni da shawara, don abin nan ya fi ƙarfina, kuma ni ban saba cewa abu ya fi ƙarfina ba.

Ni mai aski ne, tun kafin a haife ki nake riƙe da almakashi. Ba yabon kai ba, in mutum ya fito daga shagona, daga ƙeya ake gane hannuna. Ban taɓa yankar kunnen kowa ba, ba na aski ina kallon ƙwallo kamar yaran yanzu. Da kujerar nan ɗaya na yi wa 'ya'yana komai, na yi jinyar mahaifiyarsu har Allah Ya karɓi abarsa, ban roƙi kowa ba.

Kwatsam karkarwa ta kama min hannun dama. Likita ya ce ciwon jijiya ne, ba ya warkewa, magani sai dai ya rage. Na ajiye reza da kaina, na ci gaba da inji. Tsofaffin da suka saba zuwa ba su daina ba. Su kalli madubi su ce madalla, ni kuwa ina ta hura hanci, wai har yanzu da saurana.

Ranar nan na bi ta layin baya, na leƙa sabon shagon nan mai gilashi da kiɗa kamar gidan rawa. Wa zan gani a kujera? Tsohon direban da na yi wa aski da safe, aminina, ana daidaita masa gaban goshin da na karkace! Da na bincika, ashe dukkansu haka suke yi. Wallahi da mari suka yi min da ya fi min sauƙi.

Tun ranar na rufe shago, maganin ma na daina sha. Ina zaune ina tambayar kaina, me aka kawo mutum duniya ya yi? Ka sha wuya ka koyi abu ɗaya, sai ka ƙware a karɓe. Yanzu cokali ma yana neman ya gagare ni. Babbar 'yata tana so in koma gidanta. Ni da nake ɗaura wa manya tawul a wuya, ni za a ɗaura wa a ba ni abinci a baki? Na fara ganin gara in kwanta in jira lokacina. Ragowar kwanakin nan nawa, akwai abin da ya kai a jure saboda shi?

Tsohon mai aski

Baba, sannu da haƙuri. Kafin komai, ka koma kan maganinka, kuma ka je wurin likita a makon nan. Ka gaya masa ka daina sha, ka gaya masa tunanin kwanciya ka jira lokaci, kamar yadda ka rubuto min. Babbar 'yarka ma ta ji daga bakinka. Wannan tunanin ba a zama da shi a ɗaki kai kaɗai.

Kana da gaskiya ka yi fushi. Gwani ya cancanci a gaya masa gaskiya, kuma sun ɓoye maka. Amma da tausayi ne kawai, Baba, sai su gaishe ka daga bakin ƙofa su wuce. Dattijon da zai miƙa kansa ga hannun da yake gani yana rawa, ya tashi ya sake zama a wata kujerar don kada ka ji kunya, wurinka yake zuwa, askin hujja ne.

Dalilin zuwanmu duniya da wahalar da ke cikinta, ba zan yi maka ƙaryar na san shi duka ba. Abin da na sani, girman da ka tara ba a hannun dama yake ba.

Ka buɗe shagon. Ka ɗauki ma'aikaci mai tsayayyen hannu, ka tsaya a kansa, don idonka bai yi rawa ba. Zancen komawa gidan 'yarka, ku bar shi a buɗe, karɓar taimakon wadda ka haifa ka yi rainonta ba roƙo ba ne. Direban kuma ka kira shi, ka ce ka gan shi, ka yi masa faɗan da kake so. Na tabbata zai saurara, kuma gobe zai dawo.

Allah Ya ba ka sauƙi, Baba, Ya ƙara maka kwana masu albarka.